Shekara biyu ina busa hazo a wat 80

Shekara 11 na yi ina shan taba kafin aiki ya kawo ni Birmingham, kuma tsada ce ta fara raba ni da ita tun kafin wa'azi ya yi tasiri. A gida kara-kara nake saye wurin mai tebur. A nan sai dai kwali guda, kuɗinsa kuwa ya isa cefanen kwana biyu. Wani abokin aikina ɗan Kaduna ya ce in gwada sigarin lantarki. Na sayi 'yar ƙarama, da kaɗan ta fi biro kauri, tana aiki da wat 12 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin wutarta). Yadda ake shan sigari haka ake shan ta: ka ja zuwa baki, ka ɗan tsaya, sannan ka tura ƙirji. Wata huɗu ban kunna kara ko ɗaya ba.

Ranar da lissafi ya canza, muna tsaye ne a bayan wurin aiki lokacin hutu, sanyi na kaɗa mu. Mutumin nan ya zaro wata na'ura mai cika hannu, da allo da maɓallai. Ya ja, ya busar, sai fuskarsa ta ɓace kamar motar da ta shiga hazon hunturu a hanyar Katsina. Ya miƙo mini ya ce, "Mutumina, ɗana wannan ka ji, ka bar wasan yara." Na ja yadda na saba. Ya ce, "A'a, kai tsaye cikin ƙirji, kamar shisha." Tari ya turnuƙe ni har da hawaye. A ja na biyu kuwa na ji abin da yake nufi. Tururin da ɗumi, da nauyi, ya cika baki, ɗanɗanon mangwaro ya fito sosai kamar an yanka shi a gabana. Tawa 'yar ƙaramar sai ta koma kamar shayin da aka tsuga wa ruwa. Kafin sati ya zagayo na sayi irin tasa.

Mai shagon da na saya, wani dattijo mai haƙuri, shi ya yi mini bayanin cikinta. Akwai kwayil, wata 'yar waya ko raga ta ƙarfe da wutar batir ke gasawa, da auduga a jikinta mai tsotso ruwan daga tanki kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ƙara wat daidai yake da ɗaga lagwanin risho: zafi ya ƙaru, ruwan da ke zama tururi a kowane ja ya ƙaru. Turjiyar kwayil da om ake auna ta, kuma idan ta yi ƙasa wuta ta fi gudu a cikinsa. Bolt 4 a kan kwayil mai om 1.6 wat 10 ne, amma bolt 4 ɗin nan a kan mai om 0.2 wat 80 ne. A jikin kowane kwayil an rubuta iyakarsa. Nawa daga 60 zuwa 80, ni kuma na ƙure shi tun ranar farko, don ɗan Adam ba ya ganin maɓalli ya bar shi a tsakiya.

Bayan shekara biyu a cikin masu wannan harka, na lura dalilansu ba ɗaya ba ne. Wasu tururin kawai suke so, su busa a kalle su, akwai ma masu gasar wa ya fi cika ɗaki. Wasu ɗanɗano ne ya riƙe su, domin ruwan da aka haɗa da abubuwa uku ko huɗu, misali madara da kirfa da ayaba, ba ya buɗewa sai da zafi, kamar yaji a cikin mai. Waɗanda suka fito daga shisha, irin abokina, sakakken ja suke nema, iska ta wadata, ba matsewar sigari ba. Ni ɗumin ne ya kama ni. Sigari wuta ce, kuma a ƙasar da kake fita aiki da asuba hannu na ƙanƙarewa, tururi mai sanyi ba ya cike gurbinta.

Akwai kuma wani dalili da na riƙa faɗa wa uwargida ina alfahari. A babban wat ba ka iya shan ruwa mai nikotin da yawa, zai karce maka maƙogwaro, kai ya sara, zuciya ta tashi. Don haka na sauko daga miligiram 12 na nikotin a kowace mililita ta ruwan zuwa 3. Dokar Birtaniya ba ta yarda a sayar da ruwa mai nikotin a kwalbar da ta wuce mililita 10 ba, sai masu shago suka samo dabara: babbar kwalba mai mililita 50 marar nikotin, da ƙarama mai mililita 10 mai ƙarfin 18, ka juye ka girgiza, ka samu 60 mai ƙarfin 3. Ruwan ma ya bambanta, mai kauri ne, kashi 70 gilisarin, shi ne ke ba da hazon nan, shi ne kuma ke barin maiƙo a gilashin mota har sai na riƙa goge shi duk sati.

Ita ce ta ɓaro ni. Wata ranar Lahadi tana share ɗaki ta tara kwalaben da na shanye a leda, ta ajiye a gabana ta ce, "Baban yara, kai da ka ce ka rage, wannan duk na wata guda ne fa." Na ɗauki biro. Da 'yar ƙaramar, mililita 2 nake sha a rana, sau 12, miligiram 24 ke nan. Da babbar ina shanye mililita 10, sau 3, ya kama 30. Ba duk abin da ke cikin ruwan ne ke shiga jini ba, amma ko ta ina na juya lissafin, ban rage komai ba, na dai ninka ruwan da nake turawa huhuna sau biyar. Shiru na yi, ita ma ba ta ƙara cewa uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Ga kuma ɗawainiya. Ruwa mai zaƙi yana daskarewa a kan kwayil ya yi baƙi kamar gindin tukunya, sati ɗaya ko biyu sai sabo. Idan ka sa sabon ba ka jira minti biyar zuwa goma auduga ta jiƙa ba, ko tanki ya ƙare ba ka lura ba, to za ka zuƙi ƙonanniyar auduga. Wanda ya taɓa ji ba ya mantawa, kamar ka shaƙi hayaƙin tsumma ne har cikin ƙirji. Wannan ƙauri ba rashin daɗi kaɗai ba ne. A 2015 masu bincike a jami'ar Portland State ta Amurka sun nuna cewa idan zafi ya wuce kima, ruwan yana rikiɗa ya fitar da sinadarin formaldehyde, wanda ake adana gawa da shi. Masu kare harkar sun ce ba mai jure shan irin wannan ƙonannen tururi, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Sai dai ni na san sau nawa na ci gaba da shan kwayil mai ɗan ƙauri-ƙauri don albashi bai shigo ba.

Batir ne ya fi ba ni tsoro. Irin waɗanda ake kira 18650 ne, biyu nake sawa, kuma kafin la'asar sun mutu, don haka nake yawo da wasu. Wata rana na jefa ɗaya a aljihun rigar sanyi tare da makullai, ledar jikinsa ta ɗan yage ban kula ba. Ina cikin bas na ji gefen cikina yana ɗumi. Na sa hannu, makullin ya yi zafi kamar an ɗauko shi daga murhu. Allah ya kiyaye na raba su da wuri. Da na ba mai shagon labari, ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini 'yar robar ajiye batir ya ce kada in biya.

Da azumi ya zo na sauko. Bayan shan ruwa ƙirjina ba ya ɗaukar wat 80, na mayar da shi 60, daga baya na sayi kwayil mai om 0.6 na koma 25. Kafin Sallah na lalubo 'yar ƙaramar nan a ƙasan durowa. Kwana ukun farko kamar ina zuƙar iska, a na huɗu na fara jin ɗanɗanonta. Yanzu ina kan miligiram 6, mililita 2 a rana, ban daina ba tukuna, kuma ba na shan ta a inda yara suke. Batiran na kai su kwandon tara tsofaffin batura a kanti. Na'urar kuwa abokina ya ce in ba shi tunda tasa ta fara yoyo. Na ce ya zo ya ɗauka, amma kafin nan ya ƙirga mini kwalabe nawa ya sha a watan jiya. Har yau yana cewa zai duba.