Gab da kiran assalatu aka fi tsoron faɗuwa a ɗakinmu

A ɗakin maza na asibitin da nake aiki a nan cikin birnin Kano, mun tsara zagayen duba marasa lafiya a kan lokaci: awa-awa da rana, duk bayan awa biyu da dare. Abin da ake dubawa kowane ma'aikacin jinya ya san shi: ciwo, buƙatar ban-ɗaki, juya kwanciya, da matso wa mutum kayansa inda hannunsa zai kai. Wanda aka kwantar kuma mu auna haɗarin faɗuwarsa da ma'aunin Morse, mai duba abubuwa shida, ciki har da ko ya taɓa faɗuwa, yadda yake tafiya, ko akwai allurar ƙarin ruwa a hannunsa, da ko hankalinsa na tare da shi. Wanda ya kai maki 45 a liƙa alama a gadonsa. Wannan duk ya tafi daidai, ba shi ne ya sa na ɗauki biro ba.

Wani dattijo ne da aka kwantar da ciwon zuciya, ƙafafu sun kumbura. Yana karɓar Lasix, maganin da ke sa yawan fitsari don rage kumburi, yana shan maganin hawan jini, makinsa ya haura 45, alama na nan a gado. Ya samu sauƙi sosai, har ana maganar sallama. Da ƙarfe huɗu na dare abokiyar aikina ta tsaya a kansa ta ce, “Baba, akwai abin da kake buƙata?” Ya ce, “Babu komai 'yata, Allah Ya yi albarka.” Ta sa hannu, ta wuce gado na gaba. Ba a yi minti arba'in ba muka ji ƙara. Ya tsallako ƙarfen gefen gado, ya dafa sandar rataye ruwa, ita kuwa mai taya ce, ta zame da shi. Hoto ya nuna karaya a ƙugu. Ɗansa yana kwance a tabarma kusa da gadon, barci ya sace shi bayan kwanakin da ya yi bai runtsa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne takardarmu ba ta da aibu ko ɗaya. Kowane layi da sa hannu, kowane lokaci daidai. Da aka tambayi dattijon daga baya, ya ce fitsari ya matse shi tun kafin a zo, ga alwala yana so ya yi. To ta yaya mutum mai furfura zai dubi yarinyar da ya yi jika da ita ya ce ta kai shi ban-ɗaki? Ya kuma ji nauyin tashin ɗansa daga barci. Mu da muka tashi a garin nan mun san wannan kunyar sarai, amma tsarin da muka kwafo daga takarda bai san da ita ba.

Daga nan muka daina tambaya. Yanzu ba na cewa “kana buƙatar wani abu?” ga wanda ke da alama a gado. Sai in taɓa mai jinyarsa in ce, “Malam, tashi ka kama Baba, lokacin zagayawa ya yi,” ni kuma in tsaya daga baya har su dawo. Idan babu ɗan'uwa namiji, in kira abokin aiki namiji. In abin ya zama ƙa'idar ɗaki, tsoho ba ya jin shi ne ya roƙa, sai ya miƙe ba musu.

Muka kuma ƙara zagaye ɗaya wanda agogon bango ba ya faɗa: kafin ladanin unguwa ya yi kiran farko. Lokacin yana motsawa daga wata zuwa wata, don haka kunne muke bi. A wannan tsakanin komai ke haɗuwa: mara ta cika, jiki bai wartsake ba, wanda aka bai wa diazepam, maganin da ke sa barci, da dare yana cikin magagi, mai ciwon suga ya daɗe bai ci komai ba, daɓen ban-ɗaki ya jiƙe da ruwan buta, ga silifas da ƙasansa ya suɗe. In aka yi rashin sa'a aka ɗauke wuta, daƙiƙun da ake jira kafin inji ya tashi sun isa. Mu kuma a lokacin ne gajiya ta fi kama mu.

Ba wanda zai sauko daga gado kai-tsaye. Ya zauna a baki tukuna, ƙafa a ƙasa, minti ɗaya ko biyu, in tambaye shi ko yana ganin jiri. Wanda nake shakka a kansa in auna jininsa a kwance, in sake aunawa a tsaye. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti 3 da miƙewa, ba ya taka ko'ina, fo za a kawo a ja labule, likita kuma ya ji da safe. Maganar Lasix ma mun kai ta gaban likitoci, inda hali ya bari a ba da kashi na biyu da rana maimakon da yamma liƙis.

Ƙarfen gefen gado kuwa, na daina yarda da shi ido rufe. Yana tsare wanda zai mirgino cikin barci. Wanda ya ƙudurta sauka, tsallakewa zai yi, ya faɗo daga inda ya fi tsawo. Haka ya faru da Baba. Ga mai hankalinsa gara a saukar da ɓangare ɗaya, a kulle tayoyin gado, a kawar da tabarma da kular abinci daga hanya.

Alwala ce ta fi wuyar sha'ani, domin ba hurumina ba ne in yi wa dattijo fatawa. Wani malami da ke zuwa dubiya muka roƙa ya riƙa tunatar da su sauƙin da addini ya yi wa maras lafiya na taimama da salla a zaune. Daga bakinsa suka karɓa. Yanzu za ka ga ɗan dutse a kan lokar wasu gadajen.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa. Nakan karanta wa ɗalibai wannan, amma labarin ƙugun Baba ne ke sa su yin tsit. Mutumin da ya kusa komawa gida sai ga shi an tura shi sashen ƙashi, iyalansa na neman kuɗin tiyata.

Mu biyu ne a dutin dare a kan ɗaki cike, wani lokaci zagayen na makara, ba zan ɓoye ba. In haka ta faru masu alama muke fara bi. Ƙarfen dafawa a ban-ɗaki mun rubuta a sa mana, har yanzu shiru. Kafin nan kujerar roba muka ajiye a ciki, kuma mun hana sa sakata.