Laraba: Kwafi Uku na Kod Ɗaya

Ko karyawa ban gama ba shugaban makarantar nan ta Unguwar Rimi ya kira ni. Wani uba ne ya zo biyan kuɗin zango, manhaja ta ƙi karɓar lambar wayarsa, sai cewa take lambar ba daidai ba ce. Na ce, "Malam, karanto mini ita." Yana cewa 0913 na san inda gizo ke saƙa.

Manhajoji uku muka gada daga hannun wani da ya koma Abuja: ta makarantar, ta wani shagon magani a Kawo, da ta ƙungiyar adashin wasu 'yan Kasuwar Bacci. Lokacin da ya rubuta su, layukan da ya sani suna farawa ne da 070, 080, 081 ko 090, sai ya ɗaure kod ɗin, wato rubutaccen umarnin da manhaja take bi, a kan haka. Daga baya kamfanonin waya suka fara sayar da masu 091. An gyara ta shagon magani tuntuni, amma da yake kwafar fankshan ɗin, wato guntun kod mai duba lambar, aka yi daga wannan zuwa waccan, gyaran bai bi sauran ba. Kwafi uku, kowanne ya kama gabansa.

Gyaran kansa layi ɗaya ne, kafin in hau keke na tura shi, uban ya biya kuɗinsa. Amma a hanya na ƙudurta cewa yau ba zan taɓa wani aiki ba sai mun tattara ƙananan kod ɗin nan wuri ɗaya.

A ofis na sa ƙanena, ɗan kawuna da yake koyon aiki a wajenmu, ya buɗe duka ukun gefe da gefe, muka riƙa tsinto abin da ya maimaitu. Lambar waya muka fara. Mutane suna rubuta ta yadda suka ga dama, wani da 0, wani da +234, wani ya bar fili a tsakiya, wani ya yar da sifilin gaba ɗaya. Akwai kuma wani fankshan da yake cankar kamfanin waya daga lambobin farko, na ce a goge shi. Tun 2013 mutum yake iya sauya kamfani da tsohuwar lambarsa, don haka canke ne kawai.

Sai kuɗi. Ta makaranta tana lissafi da kwabo, ta adashi kuwa da naira mai ɗigo. Na ce masa ya rubuta 0.1 + 0.2 a JavaScript, wani yaren rubuta manhaja, ya gani. Da allon ya nuna masa 0.30000000000000004, sai ya matso da fuskarsa kusa, ya sake bugawa. Ya ce, "Yaya, kwamfuta ce fa!" Na ce ita ce, haka take ajiye irin waɗannan lambobi, shi ya sa kuɗin jama'a a kwabo ake ajiye shi, cikakkiyar lamba, sai an zo nunawa a raba da 100 a sa masa ₦. Waɗannan mutane gumin kasuwa suke zubawa kowane mako, bai kamata ko kwabo ya salwanta a hannunmu ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne haruffanmu masu ƙugiya, kuma nan ne nake ganin babu wanda zai yi mana aikin idan ba mu yi ba. Dabarar da kowa yake kwafowa daga intanet don sauƙaƙa neman suna ita ce a raba harafi da alamar da ke kansa, a yar da alamar. Tana aiki a kan é na Faransanci, domin a Unicode, tsarin da kwamfuta take ajiye haruffa da shi, ana iya raba shi gida biyu. Amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba sa rabuwa, kowanne harafi ne mai zaman kansa. To da aka zo matakin share duk abin da ba ya cikin haruffan a zuwa z, sai a share su ɗungurungum. Da idona na gani a manhajar makaranta: Ƙasimu ya koma "asimu". Malamar da ke neman yaron ta rubuta Kasimu, babu. Ta rubuta K'asimu, babu. Sai ta ɗauka ba a yi masa rajista ba, ta sake shigar da shi. Haka yaro ɗaya yake zama biyu a kundi. Muka zauna muka rubuta jadawalinmu da hannu, ƙ ta tafi k, ɗ ta tafi d, muka haɗa da 'y da muke rubutawa a nan da ƴ ta mutanen Nijar. Sharaɗina guda ne: wannan don nema ne kaɗai. Sunan da za a ajiye, wanda zai fito a takardar sakamako, da ƙugiyarsa zai fito yadda iyayensa suka raɗa masa.

Bayan azahar muka ci ɗanwake, muka buɗe sabuwar ma'ajiya a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod. A nan muka ɗan yi ja-in-ja. Ƙanena so yake a zuba komai, har lissafin makin ɗalibai da na ranar lalacewar magani. Na ƙi. Shagon magani ba shi da ɗalibai, makaranta ba ta sayar da sirinji. Abin da zai shiga sai wanda aƙalla manhajoji biyu suke amfani da shi yau, kuma ta hanya ɗaya, ba wanda muke tsammanin wata rana za a buƙata ba. Ko harajin kayayyaki ban yarda a rubuta adadinsa a ciki ba, kowace manhaja ta miƙo nata. A Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, kuma waɗanda suka dasa 5 a cikin kod sun sha laluben inda suka dasa shi.

Sai ya kawo wata shawara mai kyau a ido: a sa fankshan ɗin waya ya riƙa mayar da kowace lamba zuwa +234. Tsari ne mai kyau, amma ta adashi tana neman mambobinta da lamba mai 0 a gaba. Da mun canza shiru, gobe ma'ajinsu ba zai ga kowa ba. Nan na yi masa bayanin lambobi uku na siga, wato lambar da ake sa wa kowace fitowar kod, kamar 1.0.0. Ta ƙarshe tana motsawa idan gyara aka yi, ta tsakiya idan an ƙara sabon abu ba tare da taɓa tsoho ba, ta farko kuwa sai idan canjin zai karya wa wani aiki. Muka bar tsohon yadda yake, muka ƙara sabo a gefensa, kuma kowace manhaja za ta kulle sigar da take amfani da ita har sai mun gwada ta da sabuwa. Kowane fankshan muka rubuta masa gwaji, na farko shi ne lamba mai 0913.

Da la'asar aka ɗauke wuta, muka koma kan batir. Ya ce, "Yaya, me zai hana mu ɗora shi a npm kowa ya amfana?" npm ɗin nan rumbu ne a intanet da masu JavaScript suke raba wa juna kod. Raina yana so, musamman saboda haruffan nan. Sai dai na ba shi labarin left-pad. A Maris 2016 wani mai kod ya janye ƙunsoshin kod ɗinsa daga npm bayan saɓani kan suna, cikinsu har da wannan mai layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi ne a hagun rubutu. Nan take manyan ayyuka irin su Babel suka kasa haɗuwa, har npm ta dawo da shi da kanta, ta kuma tsaurara dokar janyewa. Kod ɗin da aka raba wa jama'a kamar rijiyar unguwa ne, masu ɗiba da yawa, mai yasa sai an nema. Idan muka sake shi, amana ce muka ɗauka: amsa tambaya, duba gyaran da baƙo ya turo, rubuta bayani da Hausa da Turanci. Na ce mu riƙe shi a gida tukuna, ya yi zango guda a makaranta lafiya, sannan mu fitar da ɓangaren haruffa shi kaɗai.

Kafin magariba mun ɗora ta makaranta da ta shagon magani a kan siga 1.0.0, mun goge tsofaffin kwafin, gwaje-gwaje duk sun wuce. Na rubuta a fayil ɗin farko cewa ni ne mai kula da ma'ajiyar, kuma babu canjin da zai shiga sai ɗayanmu ya duba na ɗaya. Ta adashi ce ta rage, ita sai an mayar da tsofaffin alƙalumanta zuwa kwabo, kuma ba zan taɓa su ba sai ma'ajinsu yana zaune da littafinsa muna gwadawa. Na kira shi, ya ce in zo kasuwa gobe bayan azahar in Allah ya kai mu.