Jiya a komisariya

Jiya bayan isha'i aka kira ni komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a nan Garwa. Yaron wajena, ɗan shekara 16, ya ɗauki babur ɗin maƙwabci ba izini, ya afka wa rumfar wata mai ƙosai. Wata uku ke nan rabonsa da makaranta, uwarsa ta yi kuka har ta gaji.

Cikin fushi na ce na sallama shi. Ɗan sandan ya ce, "Alhaji, muddin yana gidanka kuma bai kai 21 ba, ɓarnarsa kai za ka biya." Ashe haka sashe na 1384 na dokar farar hula ta Kamaru ya tanada.

Na biya. A hanya ya ce, "Baba, yunwa nake ji." Raina a ɓace, amma na tsaya wurin mai shayi.