Ranar da bayan Xantia ya ƙi tashi

Ina shekara ta biyu da fara koyon kanikanci aka lallaɓo mana da wata Citroën Xantia gareji, bayanta a zaune dirshan kan tayoyi kamar raƙumin da ya durƙusa. Mai motar, wani dattijo ɗan kasuwa, ya ce tun asuba yake fama: gaba ya ɗaga, baya ko motsi. Bai rufe baki ba na ce famfo ne ya mutu.

Maigida bai musa mini ba. Cewa ya yi, "Ɗan nan, famfo nawa ne a motar?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To wa ya ɗaga gaban?" Na yi shiru.

Motar nan ba ta da sufirin irin na Peugeot 504 da hannunmu ya saba da shi. Mai ne ke ɗauke da ita, tsarin da injiniyan Citroën, Paul Magès, ya ƙirƙiro, duniya ta san shi da fitowar motar Citroën DS a 1955. Bel na juya famfo, famfo ya zuƙo koren man nan na LHM daga tanki, ya tura shi ga regileta mai riƙe matsinsa tsakanin 145 da 170 a ma'aunin matsi na bar. Kowace ƙafa tana da ƙwallon ƙarfe, sama iskar naitirojin, ƙasa mai, da fatar roba a tsakani. A nan da yawanmu ke ɓata kuɗin mutane, don da mota ta zauna sai a ce a sauya ƙwallaye. Su kuwa taushi suke bayarwa. In iskarsu ta ƙare motar za ta tashi, sai dai ta riƙa dukan baya kamar amalanke. Tsayi aikin wasu bawul biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne a haɗe da sandar ƙarfen da ta ratsa tsakanin ƙafafu biyu, ta nan yake gane mota ta yi ƙasa ya buɗe wa mai hanya.

Duk da haka Maigida ya sa na bi man tun daga tushe. Na duba tanki, na ciro matatai, na shafa tiyon da ke kai mai famfo ko yana shan iska, na taɓa bel. Sannan ya ce in kasa kunne. Regileta ta yi ƙas, ta jima sosai kafin ta sake. Ya ce da tana yi a kai a kai, da ƙwallon ajiyar matsi da ke jikinta ne ya gaji.

Da na zame zan shiga ƙarƙashin baya, ya damƙe ƙafata. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Kai! Wannan motar ba a shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta." Taɓa hannun bawul ɗin kawai ya isa ya sa ta sauko kan ƙirjin mutum, kuma ba ta jira. Muka ɗaga ta da jak, muka kafa mata matokaran ƙarfe, sannan ya miƙo mini tocila.

Abin da na gani bai kai tsawon yatsa ba. 'Yar mahaɗar roba da ke tsakanin sandar da bawul ta fice, tana lilo. Hannun bawul ɗin kuma jar ƙasa da tsatsa sun daskare a kansa, shi ya sa ya cije har mahaɗar ta ɓalle. Na wanke, na yi ta motsa shi har ya saki, na shafa giris, na mayar da ita. Da muka sauke motar aka ta da inji, bayan motar ya yi ɗan jim, sai ya miƙe a hankali.

Alhajin ya ce a hanya wani ya so ya ƙara masa man birki. Maigida ya dafe kai. "Alhaji, Allah ya kiyaye ka. Da an zuba, da robobin motar nan duk sun lalace." Ya kuma gaya masa birkin baya daga matsin ƙafafun baya yake samun ƙarfi, wato da ragaggen birki ya iso wurinmu. Kafin ya tafi sai da Maigida ya aike ni na sayo masa litar LHM, na sa masa a but da hannuna.