Yadda na goge wilin mashin ɗina har ya koma kamar madubi

Mashin ɗin da nake hawa na hannu ne, na saye shi a Gusau da wilinsa na alminiyom, ƙarfen da dattawa ke kira goran ruwa, irin wilin da ake zubawa a ƙira guda, ba mai wayoyi ba. Shekarun da ya yi yana shan ƙura da taɓon damina sun sa fuskarsa ta dusashe, ta yi dabbare-dabbaren fari kamar an yayyafa mata toka, kuma duk wankin da za a yi masa ba ya canza komai. Da hunturun da ya gabata na ƙudurta cewa sai na goge shi har na ga fuskata a ciki. A zatona aikin yini ɗaya ne, amma sai da ya cinye mini Asabar da Lahadi har sau uku.

Na fara da sayen man goge ƙarfe na Autosol, na zauna a ƙofar gida ina ta murza shi da tsumma, amma tsumman bai canza launi ba, wilin ma bai canza ba. Daga baya na gane dalili: kamfani yakan fesa wa wili wani siririn fenti marar launi domin kariya, saboda haka fentin nake ta gogewa, ban kai ga ƙarfen ba. Idan mai ya taɓa tsirarar alminiyom, nan take tsumma yake yin baƙi ƙirin, kuma wannan shi ne gwajin da ya kamata mutum ya fara yi a wani lungu na wilin.

Wani abokina ya ba ni shawarar in jiƙa sodar da mata ke haɗa sabulu da ita in shafa, wai tana ɗaye komai. Allah ya taimake ni a gefe guda kawai na gwada, domin wurin da fentin ya riga ya ɓaɓɓare ya kama kumfa yana tsiyayar wani ruwa mai launin toka, ya bar tabo mai kaushi. Soda tana cin alminiyom kansa, kuma iskar da take fitarwa a lokacin tana iya kamawa da wuta. Da na kai wilin wurin wani dattijo mai fentin motoci a Tudun Wada, sai ya shafa tabon da babban yatsa ya ce, “Ɗana, mi ka zuba ma wilin ga?” Na faɗa masa gaskiya, ya girgiza kai, ya ba ni ruwan cire fenti na gwangwani, ya kuma rubuta mini lambobin samfefa a bayan kwalin sigari.

Mai faci ya cire mini tayoyin, na toshe ramin boris, wato ƙwallayen ƙarfen da wili ke juyawa a kansu, da tsumma da salatif don kada ruwa da garin ƙarfe su shiga, na wanke maiƙo da kananzir. Cikin gangar birki, da mazaunin boris, da leɓen ciki inda taya ke zama, duk ban taɓa su ba, domin ba wuraren ado ba ne, kuma rage musu kauri ganganci ne.

Asalin aikin yana ga samfefa. Lambar da ke bayanta tana nuna laushinta: ƙaramar lamba mai kaushi ce, babba kuma mai laushi. Na fara da 240 saboda tabon soda da wuraren da duwatsu suka ƙwarzane, na bi da 320, sannan 400, ina tsoma takardar a bokitin ruwa mai ɗan sabulu, domin alminiyom yana da taushi, garinsa yana toshe busasshiyar samfefa ya dunƙule ya riƙa ja wa ƙarfen sababbin layuka. Dattijon ya koya mini in sauya alkiblar hannu a kowane mataki, in na bi zagayen wilin da lamba ɗaya, in gitta da ta gaba, ta haka idan na share wurin na duba a hasken rana zan ga ko sawun ta baya ya saura.

A wilin gaba ban bi maganarsa ba. Yatsuna sun yi fari sun tattare saboda ruwa, ga sanyin safiya, sai na yi tsalle daga 400 zuwa 1000, na ce mai zai rufe sauran. Da na shafa man wilin ya yi ƙyalli, amma da na kusanto da fuska sai ga siraran layuka birjik a ƙarƙashin hasken, kamar an ja tsintsiya a kan yashi, kuma ƙyallin ma ƙara fito da su ya yi. Kowace samfefa tana iya share sawun wadda ke dab da ita ne kawai, man gogewa kuwa ba ya cike rami. Dole na koma 600, na bi da 800, 1000, 1500 har zuwa 2000, aikin da na guda na yi shi riɓi biyu. A mataki na ƙarshe, tun kafin a sa mai, ƙarfen ya riga ya yi santsi kamar fatar ƙwai, ina iya ganin inuwar hannuna dishi-dishi.

Don fito da ƙyallin na ɗaura faifan auduga a bakin injin huda bango, ban yi amfani da injin yankan ƙarfe ba, domin gudunsa yakan haura juyi dubu goma a minti, ya zafafa wurin ya ƙone man ya bar baƙin tabo. Mai kaɗan ake sawa, kamar ƙwayar wake, a riƙa tafiya da faifan ba a tsaya wuri guda ba. Na sa takunkumi da tabarau, duk da haka da na cire su gefen hancina ya yi baƙi. Lungunan da faifan bai shiga ba, na naɗa tsumma a kan tsinken rake na bi su da hannu, kuma da aka ɗauke wuta ranar Lahadi haka na ƙarasa rabin wilin baya. Ragowar baƙin maiƙon kuwa ɗan garin fulawa na barbaɗa a tsumma mai tsabta, ya kwashe shi tas. A wurare biyu na bar wasu ƙananan ramuka kamar hujin allura, waɗanda suka samo asali tun wurin zuba ƙarfen, domin binsu na nufin sirantar da wilin.

Abin da ban lissafa ba shi ne abin da zai biyo baya. Tsirarar alminiyom yana haɗuwa da iska ya yi wa kansa siririyar fata, ita ce ke hana iskar ci gaba da cin sa, ita ce kuma ke dusashe haske a hankali. Bayan na je Kaura Namoda na dawo, ƙurar hunturu ta lulluɓe wilin, na sa busasshen tsumma na share, nan take na ga sabbin ƙananan zane a inda hannuna ya bi. Tun daga ranar sai na kwara ruwa tukuna kafin tsumma ya taɓa shi, na kan bi shi da kakin goge mota, kuma duk bayan mako biyu ko uku ina sake murza masa man kaɗan. Yaron da ke wanke mini mashin ma na hana shi zuwa kusa da wilin da soson ƙarfe.