Guguwar teku da tafiyar yayata zuwa Karebiya

A bara ne ɗan yayata da ke zaune a New York ya saya wa mahaifiyarsa tikitin yawon mako guda a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Miami zuwa tsibiran Karebiya. Ya zaɓi watan Satumba domin a lokacin ne farashi ya fi sauƙi, bai kuwa tsaya ya tambayi dalilin arahar ba. Dalilin shi ne, lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika yana kamawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma a Satumba ne abin ya fi tsananta. A Satumbar 2017 ne guguwar Irma da Maria suka ragargaza tsibirai da dama, haka Dorian ta yi wa Bahamas a Satumbar 2019. Da yawa daga cikin waɗannan guguwoyi ma daga yankinmu suke samo asali, domin hadari ne ke fita daga Afirka ta Yamma ya bi ta wajen Cape Verde, ruwan teku mai ɗumi ya riƙa ƙara masa ƙarfi har iskarsa ta kai gudun kilomita 119 a awa guda.

Ana gobe za ta tashi na je gidanta a unguwar Nima da ke Accra na ce, "Yaya, an yi miki inshorar tafiya kuwa?" Ta ce, "Kai dai, Allah ne mai tsarewa." Na ce haka ne, amma ai an umarci mai raƙumi da ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ta yi murmushi, maganar ta tsaya nan.

Jirgin bai shiga haɗari ba, kuma da wuya irinsa ya shiga, tunda matuƙa suna samun hasashen yanayi kwanaki kafin guguwa ta iso, sai su kauce mata. Asarar ta wata hanya take ɓullowa. An soke tsayawa a tsibirai biyu, sannan aka rufe tashar da za su koma, suka ƙara kwana biyu a kan ruwa, jirgin saman da zai dawo da ita Accra ya tafi ya bar ta. Kuɗin sauya tikiti da na otal duk a kan ɗanta suka faɗa, da dala, domin sharuɗɗan tikitin jirgin ruwa sun bai wa kamfani ikon sauya hanya ba tare da wajibcin biyan diyya ba. Ko da an soke tafiyar ɗungurungum, yawanci kuɗin jirgin ruwan kaɗai ake mayarwa ga wanda ya sayi tikitin jirgin samansa daban.

Wannan giɓin ne inshora take cikewa, amma da sharaɗin da mutane da yawa ba su sani ba: dole a saye ta kafin a raɗa wa guguwar suna, domin da zarar an sa mata suna ta zama sanannen abu, kamfani ba zai biya asarar da ta jawo ba. Tsoro kaɗai kuma ba ya isa hujjar fasa tafiya, sai an sayi nau'in da ya yarda a fasa bisa kowane dalili, wanda ya fi tsada, kuma yawanci rabi zuwa kashi 75 cikin ɗari yake mayarwa. Abin da ya fi damuna shi ne rashin lafiya, saboda yayata tana fama da hawan jini, likitan cikin jirgi da kuɗi yake duba mutum, katin inshorar lafiyarmu na Ghana kuwa ba ya aiki a can. Sa'annan da yawa daga cikin inshorar da ake sayarwa a Amurka ta mazauna ƙasar ce kawai, don haka ɗa da ke can zai iya saya wa mahaifiyarsa takardar da ba za ta amfane ta ba idan bai duba wannan sharaɗin ba tun kafin ya biya.