Kirsimeti a Gidan Kaka

A farkon watan Disamba babbar 'yata, mai shekara bakwai, ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta ce, "Mama, wai mu ba Hausawa ba ne?" Wata 'yar ajinsu ce ta ce mata Bahaushe ba ya zuwa coci. Na ajiye ludayi na zaunar da ita, na yi mata bayani iya iyawata. Ta gyaɗa kai, amma na ga maganar ba ta zauna mata ba. Ban ga laifin waccan yarinyar ba, a bakin manya ta tsinta. Ni ce abin ya tsaya wa a rai, domin a majami'ar da muke zuwa cikin Kano rabin sujadar da Turanci ake yi, kuma Kirsimetin da yarana suka sani shi ne na talabijin, mai dusar ƙanƙara da tsoho mai jar hula. Da daddare na ce wa babansu, bana ko da bashi ne sai mun kai yaran nan gida.

Rabonmu da ƙauye tun kafin a cire tallafin man fetur a 2023, lokacin da kuɗin mota ya fi ƙarfin mai iyali. Na shiga Kantin Kwari na sayo wa surukata turmin atamfa, na biya Ƙofar Wambai na tsinto wa yara rigunan sanyi na gwanjo, muka haɗa da shinkafa da sukari da sabulu da gishiri. Ranar 23 ga wata, gari bai gama wayewa ba, adaidaita sahu ya sauke mu a tashar Unguwa Uku, auta a bayana, namijin mai shekara huɗu a kafaɗar babansa yana barci.

Hazo ya rufe hanya har muka wuce Kura, direba na tafe da fitila a kunne. Da rana ta ɗan ɗaga sai ga Kadawa ta bayyana kore shar, alhali ko'ina ƙasa ta bushe. 'Yata ta manna fuska a gilashi tana tambaya ko an yi ruwa a nan ne. Babanta ya nuna mata magudanan da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya ce da shi ake noman rani, tumatir da albasa da alkama. A Kwanar Gafan mun ga kwandunan tumatir jere a bakin titi suna jiran manyan motocin Kudu. A Kwanar Dangora muka bar hanyar Zariya muka ɗauki ta Jos. Direba bai bari mun daɗe ba, rake da ƙosai kawai muka saya ta taga, don yana da fasinjojin Doguwa kuma kowa ya fi son ya ratsa dajin Falgore da rana tsaka. Mu dai a Tudun Wada muka sauka, 'yan acaɓa uku suka kwashe mu da kayanmu.

Wannan guntun hanyar, daga bakin kwalta zuwa gida, ita nake mafarki idan na daɗe a birni. An gama girbi, gonaki sun zama fili, sai tarin kara a jingine jikin ɗorawa da shanun Fulani suna kiwo a sauran harawa. Ƙura ta yi wa yaran fari fat har gashin ido. Tun daga nesa muka hango rumbuna sun sha sabon jinka, alamar bana an samu.

Guɗar Inna, surukata, muka fara ji kafin mu gan ta. Ta fito daga zaure da zani a hannu, ta wuce ɗanta kamar ba ta gan shi ba, domin shi ne ɗan fari kuma har yau ba ta kiran sunansa, ta sunkuci namijin tana cewa, "Maigida, sai yau ka tuna da ni? Ina cefanena?" Ta juya ga babbar ta ce, "Ke kuma kishiya, kin zo ƙwace mini miji ko?" Yarinya ta ruga ta ɓuya a bayana, ido ya ciko da ƙwalla. Na raɗa mata cewa wasan kaka da jika ke nan, ita ma ta rama. Kafin magariba na ji ta daga ɗaki tana ce wa Inna, "Ai ni na fi ki iya kwalliya," tsakar gida ta kaure da dariya. Shi kuwa ɗan farin da aka ƙi kallo, da muka shiga ɗakinmu mun tarar an ajiye masa ƙwaryar fura da nono an rufe da faifai, irin damun da yake so, mai yaji-yaji.

Sanyin ƙauye ba irin na birni ba ne, yana shiga har ƙashi. Aka hura wutar kara a tsakar gida, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da ta ji daddawa da man shanu. Namijin ya fara da ture kwano, da ya ga 'ya'yan baffanninsa sun zuba hannu sai ya matso. Bayan an ci, wata gwaggonsu ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaran gida suka amsa, "Ta zo mu ji ta." Nawa suka yi tsuru-tsuru suna kallona, ba su san amsar ba. Wannan ya sosa mini rai fiye da tambayar da aka yi mini a Kano, don wannan kam ba wani ne ya hana su ba.

Jajibere ranar aiki ce. Tun asuba turmi ke amsa turmi daga gida zuwa gida, 'yan mata na jigilar ruwa daga burtsatse, an jiƙa shinkafar waina, masu kitso da lalle sun kafa layi a gindin mangwaro. Da hantsi aka aika a kira Malam, maƙwabcinmu Musulmi, ya zo da wuƙarsa ya yanka ɗan taure da zakaru biyu. Haka ake yi kowace shekara, don idan an raba nama kowa ya ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Su ma ranar Sallah kwanonsu ke fara shigowa gidanmu. Asalinmu ɗaya ne. Kakanninmu su ne waɗanda ake kira Maguzawa, Hausawan karkara da suka daɗe a kan addinin gargajiya. Daga baya wasu suka musulunta, wasu suka bi Almasihu, sau da yawa 'yan ɗaki ɗaya. Mu da muka bi wannan hanya muna kiran kanmu Masihiyawa, kuma muna nan a ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Rogo da Sumaila, har Roni a Jigawa.

Da yamma Inna ta kira kishiyarta, wato babbar 'yata, ɗaki, ni ma na bi su. Ta buɗe adaka ta ciro wani ƙunshi, leda cikin leda, sannan tsohon ɗankwali. Littafi Mai Tsarki ne na marigayi mijinta, bangon ya rabu an ɗinke shi da zaren buhu, gefen takardun ya yi baƙi saboda yatsu da hayaƙin fitila. Inna ba ta taɓa shiga aji ba sai ajin karatu na matan majami'a, bayan ta haifi 'ya'ya huɗu. Ta buɗe Luka sura 2, ta ɗora yatsa, tana bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi kafin murya ta fito. Da ta gaji ta tura wa yarinyar ta ce, "Ke 'yar boko, ɗauki daga nan." 'Yata da ke karanta Turanci kamar ruwa sai ga ta tana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ, kakarta na gyara mata. Sun fi rabin sa'a a kan labarin makiyaya da komin dabbobi.

Ina zaune a bakin gado ina tuna yadda littafin nan ya iso hannun tsohuwa a wannan lungu. A 1900 ayarin 'yan mishan na Bishop Tugwell, da Dokta Walter Miller a cikinsu, ya shiga Kano, Sarki Alu ya sallame su. Miller ya zauna a Zariya ya shafe shekaru yana aikin fassara tare da Hausawan da suka san harshensu ciki da bai, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Mishan ɗin SIM, wadda ta shigo ƙasar nan a 1893, ta samu shiga ƙasar Kano ne ta hanyar jinyar kutare da asibitin ido, daga cikinta kuma ECWA ta fito a 1954, ita ce ikilisiyarmu. Amma zuwa ƙauyuka irin namu ba Turawa ne suka fi kawo bishara ba, masu wa'azi ne Hausawa a kan keke, waɗanda suke kwana a zaure su ci abin da aka ci.

Ƙararrawar majami'armu tsohon wilin mota ne a rataye jikin darbejiya. Da aka buga shi da daddare muka fita da tocila, kowa ya ƙudundune. Yaran makarantar Lahadi suka yi wasan haihuwar Yesu, da jaki na gaske da 'yan tumaki biyu. An naɗa wa ɗana rawani da ɗankwalina aka ba shi sanda, ya shiga cikin makiyaya, kuma har aka tashi bai saki igiyar tunkiyar da aka damƙa masa ba.

Ranar 25 majami'a ta cika har tagogi, maza a gefe mata a gefe, yara a tabarma a gaba. Idan ban manta komai na wannan tafiya ba, ba zan manta shigowar Zumuntar Mata ba. Sun taho cikin anko, a jere, suna rausaya, mai tulu tana buga bakinsa da soso yana ba da wata murya mai zurfi da ake ji a ƙirji, shantu da caki suna amsawa. Mai ba da waƙa ta ɗaga, saura suka karɓa, irin karɓar da ake yi a wajen daka ko a gona. Inna na tsakiyarsu, ita da ke kukan gwiwa jiya, tana juyi. Na leƙa wajen tabarma na ga 'yata ta miƙe tsaye ita kaɗai cikin yara, baki a buɗe. Da fasto ya hau karatu ya buɗe Luka sura 2, ta waiwayo ta neme ni da ido, ta nuna kanta da yatsa, wato wannan ai ta san shi. Lokacin baiko kuwa ba kuɗi kaɗai aka kawo ba. Akwai kwanon dawa, akwai gyaɗa, wani dattijo ya ajiye kaza a ɗaure a gaban bagadi.

Bayan sujada sai rabon abinci. Aka jera kwanukan shinkafa da miya da waina, aka ɗora wa yara a ka, gidan Malam, gidan mai unguwa, rugar Fulanin da ke bayan rafi. Suna dawowa da goron Kirsimeti a tafin hannu, wani alewa, wani 'yan canji, daga ruga kuma aka aiko da ƙwaryar kindirmo.

Washegari muka tsallaka rafi zuwa gidanmu, inda aka haife ni. Mahaifina ya rasu, Baffa ne babba yanzu, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya musulunta tun yana saurayi har ya sauke farali. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi gajiya da sanyi da mutanen birni, sannan ya ce, "Yaya aka ji da hidimar biki? Allah ya maimaita mana." Ya ɗora babbar a cinyarsa ya kama hannunta yana juyawa, ya ce yatsun yayansa ne sak. Shi da kansa ya ja mu zuwa bayan gida ya nuna wa yaran kabarin kakansu, ya tsaya a gefe har muka gama addu'a, ya shafa tasa. Daga nan ya zaga da su gonar gandu, ya nuna musu kukar da kakan kakansu ya tarar a wurin, da gayaunar da mahaifiyata ke noma gyaɗa. Sauran yinin ya tafi a gaishe-gaishe, gida bakwai ko takwas, ko'ina sai an sa mun taɓa abinci, har auta ta yi barci a bayana da guntun dankali a hannu.

Mun juyo ranar 28. Tsarabar ta fi abin da muka kai: dawa, garin kuka, daddawa, gyaɗa, da zakara a kwali wanda Inna ta ce na maigidanta ne shi kaɗai. Fatar yaran ta yi furu-furu, leɓe ya tsage duk da man da nake shafa musu safe da yamma, namijin kuma ya kwaso tari. Inna ta rako mu har bakin hanya inda 'yan acaɓa ke jira. A nan ta riƙe hannun babbar ta ce mini, ba da wasa ba wannan karon, idan an yi dogon hutu na damina in kawo mata ita ta zauna wata guda, ta koyi noman gyaɗa, su kuma ƙarasa Luka. Yarinya ta hau tsalle. Babansu ya ce to tun kafin a rufe baki. Ni na ce Allah ya kai mu, domin ina tunanin sauron damina, da rafin da ke cika ya raba ƙauyen da asibiti, da kuma cewa ba ta taɓa kwana ɗaya ba tare da ni ba. Tun daga Kwanar Dangora har muka shigo Na'ibawa tana tambayata ko na yarda.